Wa zai karɓi ragamar ƙungiyar masu keke, kuma da bakin wa za mu yi magana?

Shugaban ƙungiya:
Assalamu alaikum. 'Yan uwa, na daɗe ina juya wannan magana a raina, kuma na ga gara in rubuta ta inda kowa zai karanta a natse, maimakon in faɗe ta a bakin filin wasa na Muhammadu Dikko da ke Katsina ranar Asabar da safe, lokacin da rabinmu ke haki, rabi kuma na neman aron famfo. Ina so in sauka daga shugabancin wannan ƙungiya bayan Babbar Sallah. Babu wanda ya ɓata mini rai, kuma lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi. Dalilina shi ne, watan jiya na yi mako uku a Kaduna wajen jinyar yayana, da na dawo sai na tarar ba a fita ko sau ɗaya ba, ba a karɓi kuɗin wata ba, wasiƙar da muka ce za a kai kan maganar ramin nan da aka haƙa a gefen titi aka bari ba murfi kuma tana cikin jakata inda na bar ta. Ban ga laifin kowa ba sai nawa, domin ni na sabar muku da cewa ni ke tashin mutane bayan sallar asuba, ni ke zaɓar hanya, ni ke riƙe da makullin akwatin kayan faci, ni ke tsayawa gaban jami'an hanya idan an tare mu. Ina roƙon mu tattauna abu biyu: yadda za a zaɓi wanda zai gaje ni, da kuma ko za mu ci gaba da zama masu motsa jini kawai, ko za mu shiga neman haƙƙin masu keke gadan-gadan.

Ma'aji:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai, maganar kuɗin wata laifina ce, kuma na amsa. Na saba kai ne ke tuna wa mutane, ni kuma in buɗe littafi in rubuta, shi ya sa da ba ka nan na yi ta jiran wani ya fara magana, har wata ya ƙare. Amma ban yarda saukarka ce magani ba. Ni da ke riƙe da littafin na san abin da sauran 'yan uwa ba su sani ba: katin wayar da kake kiran mutane da shi, kuɗin buga takardu, ruwan da ake saya idan an yi doguwar tafiya, duk daga aljihunka suke fita, kuma ba ka taɓa kawo mini rasit ba. Duk wanda zai gaje ka, idan ba mai irin halinka da irin ƙarfin aljihunka ba ne, wata uku ba zai kai ba. Shawarata ita ce a ware ɗan alawus na wata ga shugaba da sakatare, ko da na kati da sufuri ne, sa'annan a roƙe ka ka ƙara shekara guda.

Baba mai gyaran keke:
Ɗana ne ke rubuta mini wannan, ni kuma ina faɗa masa, saboda haka a yi haƙuri idan ta yi tsawo. Ma'aji, ɗana, na ji maganarka, amma na girme ka da ganin ƙungiyoyi. Ranar da aka ce kujera tana da alawus, ranar za ka ga mutanen da ba su taɓa hawa keke daga Ƙofar Ƙwaya zuwa Ƙofar Ƙaura ba suna neman ta da rantsuwa. A biya wa mutum abin da ya kashe, wannan hakki ne. A yanka masa albashi, wannan kuma wani abu ne dabam.

Amma ba wannan ce ta sa na sa baki ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, aikin rumfata ya sake. Mutane sun shiga ɗakunan ajiya sun zaƙulo tsofaffin Raleigh da Phoenix na iyayensu, kaca ta yi tsatsa, sirdi ya tsage, taya ta bushe har tana tsattsagewa a hannu, suka kawo mini in tashe su. Masu gadi ne, da leburori, da malaman firamare, da masu kai kaya kasuwa a kan kariya. Shekaranjiya wani mai gadi ya turo mini kekensa da wilin gaba a lanƙwashe kamar faifan da aka taka, gwiwar wandonsa a yage, yana ɗingishi. Da magariba mai Keke Napep ya matse shi, ya kauce, ya faɗa ramin da aka haƙa a gefen titi aka bari ba murfi. Bai tambaye ni asibiti ba, abin da ya tambaye ni shi ne ko zan iya miƙe wilin kafin ƙarfe shida, don kada ya makara wurin aiki. Wannan mutum bai san da ƙungiyarmu ba, ba shi da hular kwano, ba shi da keke mai giya. Idan za mu je gaban hukuma mu ce mu ne bakin masu keke na Katsina, to da bakinsa za mu yi magana ko da namu?

Ɗalibi daga jami'a:
Allah ya ƙara girma, Baba, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ni kullum a kan hanyar Dutsin-Ma nake, daga cikin gari zuwa Jami'ar Umaru Musa Yar'adua, kuma na san yadda iskar babbar mota ke jan mutum idan ta wuce shi da gudu. Ina ganin mun yi sanyi da yawa. Ƙasar Holan da ake misali da ita yau ba haka ta tashi ba. A shekarar 1971 mutum fiye da 3,000 suka mutu a titunanta, cikinsu yara fiye da 400, sai iyaye suka fito suka riƙa tare tituna suna neman a daina kashe musu 'ya'ya. Matsalar mai ta 1973 ta zo ta tarar da su a kan haka, har gwamnati ta hana fitar motoci ranakun Lahadi na wani lokaci, a 1975 kuma aka kafa ƙungiyar masu keke ta ƙasa baki ɗaya. A birnin Bogota na Kolombiya, tun 1974 aka fara rufe tituna saboda masu keke, yau duk ranar Lahadi ana rufe fiye da kilomita 100 daga safe har azahar. Mutanen Holan matsalar mai ta taimake su, mu ma ga ta ta zo mana har gida. Me zai hana mu nemi a ware wa keke hanyarsa a manyan titunan birni, mu kuma yi gangami ranar 3 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana a 2018 a matsayin ranar keke ta duniya? Sabon shugaba ya kamata ya zama matashi mai zafin nama wanda ba ya jin nauyin kowa.

Barista:
Ƙanena, karatunka daidai ne, amma ka tsallake wani mataki. A yanzu haka, a idon doka, mu taron abokai ne kawai. Ba mu da rajista, ba mu da asusun banki da sunan ƙungiya, ba mu da rubutaccen tsarin mulki. Idan muka kai wasiƙa wani ofis aka tambaye mu ku su wane ne, amsar da za mu bayar ita ce sunan Shugaba da lambar wayarsa, wato mun koma inda ya fara kuka. Ƙungiya irin tamu tana yin rajista ne da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta ƙasa, CAC, a matsayin ƙungiya mai amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ana buƙatar sunayen amintattu, da tsarin mulki, da bayanin taron da aka zaɓe su, sa'annan a buga sanarwa a jarida a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Akwai kuɗi a ciki, amma aikin lauya na ɗauke muku shi kyauta.

Abin da ya fi rajistar amfani a ganina shi ne tsarin mulkin kansa, domin zai tilasta mana mu rubuta abin da muke jin nauyin faɗa wa juna ido da ido: shekara nawa shugaba zai yi, sau nawa zai iya maimaitawa, mutum nawa za su sa hannu kafin a fitar da kuɗi, wa ke da ikon magana da 'yan jarida da sunanmu. Ina kuma so a sa sharaɗi guda tun yanzu, kafin kakar zaɓe ta matso: duk wanda ke riƙe da muƙami a jam'iyya kada ya riƙe muƙami a cikinmu. Ranar da wani ɗan takara ya raba mana riguna masu hotonsa muka zagaya gari da su, ranar muka rufe wa kanmu rabin ƙofofin da muke buƙata.

Ɗalibi daga jami'a:
Barista, na karɓi maganar rajista. Amma ina tsoron kada mu shekara muna gyara takardu, mai gadin Baba kuma yana faɗawa rami.

Malama, shugabar makarantar firamare:
Assalamu alaikum. Ni ba na fita hawan Asabar, na shiga wannan zaure ne saboda ranar da kuka zo makarantarmu kuka koya wa yara yadda ake duba burki da yadda ake miƙa hannu kafin a karya kwana. Har yau yaran suna maganar, kuma wata yarinya 'yar aji biyar ta hana ƙanenta hawa kekensu sai da aka gyara burkin baya. Saboda haka ina da ta cewa.

Ɗana ɗalibi, ba sai an jira rajista ba kafin a yi wani abu, kuma ba sai an tare titi ba. Bakin ƙofar makarantarmu, lokacin tashi, yara masu keke da masu tafiya a ƙasa da 'yan kabu-kabu duk a wuri ɗaya suke cakuɗewa. Shekara biyu ina rubuta wasiƙa ni kaɗai zuwa wani ofis ina neman a sa mana tudun rage gudu, ana karɓa a buga hatimi, shi ke nan. Da na canza dabara na tara iyayen yara, muka je wurin mai unguwa, shi ya kai mu wurin kansila, limamin masallacin unguwa kuma ya yi magana bayan sallah, sai ga wanda nake bi da wasiƙa ya zo da ƙafarsa ya duba wurin. Abin da na koya shi ne, jami'i ba ya tsoron takarda, amma yana jin nauyin mutum goma da suka zo tare da dattijon da ya sani, suna neman abu ɗaya ƙarami wanda zai iya yi a cikin wata guda. Idan kuka je kuka ce a ware hanyar keke a dukan birni, za a ba ku ruwa a yaba muku a sallame ku. Idan kuka ce ga rami a wuri kaza, ga hotonsa, ga mutumin da ya faɗa, ga mai unguwa ya shaida, to kun ba shi aikin da zai ji kunyar ƙin yi.

Ina kuma roƙon duk kwamitin da za a kafa a sa mace a ciki. Ba lallai ta hau keke ba, amma iyaye mata su ne ke tsaye a ƙofar gida har yaro ya dawo.

Shugaban ƙungiya:
Na gode, Hajiya. Ɗalibi, bari in ƙara maka misali daga gida. A zamanin mulkin Obasanjo, ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran 'yan Najeriya su rungumi keke, har shi kansa ya riƙa hawa zuwa aiki a Abuja, kuma an sha labarin ranar da mota ta ture shi ya faɗa kwalbati. Minista ne guda, yana da ofis da 'yan jarida, amma da ya bar kujerar maganar ta bi shi, domin babu wata jama'a a ƙasa da ta riƙe ta. Abin da nake gudu ke nan a tamu ƙaramar ƙungiya. Ma'aji, na gode da ƙaunarka, amma idan na ƙara shekara guda, a ƙarshenta za mu sake wannan zance kalma da kalma.

Ɗan uwa daga Daura:
Ranka ya daɗe, Shugaba, a ba mu dama mu ma mu ce wani abu, domin duk wannan muhawara ana yin ta kamar ƙungiyar ta ƙare a ganuwar Katsina. Mu nan Daura muna biyan kuɗin wata kamar kowa, amma taro kullum a can ake yi, tafiyar kusan kilomita 80, kuma sai an yanke shawara muke ji. Lokacin da kuka zo mana ta hanyar Mashi muka tare ku muka zagaya har rijiyar Kusugu, kowa ya ji daɗi, amma tun daga ranar ba a sake tambayar mu me ke damun mu ba. Damuwarmu ta bambanta da taku. Mu masu kekenmu da yawa mutanen ƙauye ne masu shigowa ranar kasuwa da buhu a kan kariya, suna komawa bayan magariba ba fitila ba komai mai ƙyalli, a kan titin da motocin kan iyaka ke gudu. A lokacin hunturu, idan hazo ya sauka, direba ba ya ganin su sai ya zo dab da su.

Abin da muka yi da ƙarfinmu shi ne, muka sayi leda mai ƙyalli irin wadda ake manna wa manyan motoci, muka yayyanka ta, ranar kasuwa muka zauna a rumfar wani mai faci, duk keken da ya tsaya shan iska sai mu manna masa a bayan kariya da kan feda. Ba mu da shugaba a wannan aiki. Mun yi shi ne kamar gayya: wannan ya kawo almakashi, wancan ya kawo tabarma, wani ya kawo fura. Ina neman a ba reshen Daura kujera a cikin amintattu, kuma a riƙa yin taro a nan ko da sau ɗaya ne cikin uku.

Ma'aji:
Maganar Daura gaskiya ce, littafina ma shaida ne cewa sun fi mu biya a kan lokaci. Game da alawus, na ji Baba, amma ban sauka gaba ɗaya ba. Idan muka ce aikin sa-kai ne zalla, to mun ce ke nan mai abin hannu kaɗai zai iya shugabanci. Mai gadin da Baba ya ba da labarinsa, idan muka ce ya zo ya wakilci irinsa a kwamiti, wa zai biya masa yinin da ya rasa? Ba ma iya cewa muna son bakinsa, sa'annan mu ce ya zo da aljihunsa.

Baba mai gyaran keke:
To, a nan ka kama ni, ɗana. Wanda yininsa ne abincinsa, idan ƙungiya ta aike shi, a biya shi yinin. Wanda ke da albashi ya yi don Allah. Amma a rubuta a littafi, a karanta a gaban kowa.

Barista:
Ana iya rubuta wannan a tsarin mulki da sunan mayar da kuɗin hidima, da iyakar da taro zai amince da ita. Sai dai in ja kunne: mayar da abin da aka kashe yana da rasit, biyan yini ba shi da rasit, kuma nan ne rigima ke shigowa. Zan kawo daftari biyu a zaɓa.

Sakatare:
Na yi shiru ina karantawa ne, domin ni ma ina cikin waɗanda suka yi barci mako ukun nan. Na zauna daren jiya na rubuta duk abin da Shugaba ke yi shi kaɗai, sai na ga ba kujera ɗaya ba ce, ayyuka ne da aka ɗora wa mutum ɗaya saboda bai taɓa cewa a'a ba. Jagorancin fita aiki ne na wanda ya san hanyoyi, ya san inda ya kamata a kauce wa saboda halin tsaro, ya kuma iya tsayawa a baya tare da wanda ya gaji. Ana iya karɓa-karɓa da shi kowane wata. Akwatin kayan faci da koyar da gyara, ban ga wanda ya fi Baba da yaransa ba. Zuwa makarantu yana hannun Hajiya idan ta yarda. Shiga ofisoshi, wato Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ƙasa, wadda tun 1988 wannan ne aikinta, da KASSAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, da ƙaramar hukuma, yana buƙatar mai haƙuri da farin gashi tare da mai zafin jini irin ɗalibinmu, domin ɗaya ya buɗe ƙofa, ɗaya ya hana a manta. Idan aka raba haka, shugaban da za mu zaɓa ba sai ya zama irin wanda muke da shi ba, ya isa ya zama mai kiran taro, mai tambayar kowa ina aka kwana.

Ina ba da shawarar wa'adin shekara biyu, sau biyu iyaka, kuma Shugaba mai barin gado ya zauna cikin amintattu. Ranar 3 ga Yuni kuma a yi fitar da ɗalibi ke so, amma da izini a rubuce, a gayyaci jami'an hanya su raka mu, a sa masu Raleigh da Phoenix a sahun gaba, mu masu hular kwano mu bi baya, a ƙare a bakin ramin nan.

Ɗalibi daga jami'a:
Na yarda, Yaya Sakatare, da sharaɗin cewa maganar hanyar keke ba a binne ta ba, a rubuta ta cikin manufofin ƙungiya ko da jikokinmu ne za su gan ta. Zan ɗauki hotunan ramuka da kwalbatocin da ba murfi daga Ƙofar Ƙwaya zuwa ƙofar jami'a, da ranar da na ɗauki kowanne.

Malama, shugabar makarantar firamare:
Na karɓi aikin makarantu, amma a ba ni matasa biyu masu zuwa a kan lokaci.

Shugaban ƙungiya:
Alhamdu lillahi. Maganar biyan yini ta rage, za a yanke ta idan Barista ya kawo daftarinsa, kuma taron a Daura za a yi shi. Wannan Asabar ba zan kira kowa da asuba ba, Sakatare ne zai jagoranci fita. Baba, gobe bayan la'asar zan biyo ta rumfarka in ba ka makullin akwati, da wasiƙar da ke jakata. Idan mai gadin ya zo karɓar kekensa, ka tambaye shi ko zai yarda ya raka mu wurin mai unguwa, da kuma ranar da ba ya aiki.

Baba mai gyaran keke:
Ya riga ya karɓa tun shekaranjiya, wilin ya miƙe amma ba zai daɗe ba, na ce ya dawo Juma'a in sake ɗaure masa. Zan tambaye shi. Ka taho da famfon ƙungiya ma, robarsa ta mutu tun kafin azumi.